Banɗakunan Landan: Daga Kwabo Ɗaya Zuwa Ƙwayayen Sketch

Mai yawo a ƙafa a tsakiyar Landan, idan yana lura, zai riƙa cin karo da ɗan shingen baƙin ƙarfe a tsibirin titi ko a bakin mararraba, ya kewaye wata matakala da ta gangara cikin ƙasa. Baƙo yakan zaci mashigar jirgin ƙarƙashin ƙasa ce. Banɗakunan jama'a ne da hukumomin unguwanni suka haƙa tun zamanin Sarauniya Biktoriya. Akwai guda a bakin titin Aldwych, 'yar tafiya kaɗan daga Bush House, ginin da Sashen Hausa na BBC ya daɗe yana watsa shirye-shiryensa daga ciki kafin a tashi daga nan a 2012. Wannan na Aldwych yanzu mashaya ce ta dare mai suna CellarDoor, ana kiɗa da waƙa a ciki. Wasu an mayar da su wurin shan gahawa. Wasu kuma an garƙame su da kwaɗo, busassun ganyaye da ledoji sun cike matakalar.

A shekarun da waɗannan ramuka suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, a cikinsu ne gidajen abincin birnin suka shiga gasar ƙawata banɗaki, har ta kai ana zuwa wani gidan abincin don a ga makewayinsa tun kafin a ɗanɗani girkinsa. Jaridun Ingila kan jero irin waɗannan wurare a shafukan nishaɗi, labarin rufe na gwamnati kuwa ya fito can a shafin ƙananan hukumomi. Ni dai na kasa raba labaran nan biyu, domin hannu ɗaya ne ya ɗauke kyan banɗaki daga titi ya kai shi bayan ƙofar da sai mai kuɗi ke tura ta.

Abin ya faro ne a 1851, lokacin babban baje kolin duniya da aka yi a wani katafaren ɗakin gilashi a dandalin Hyde Park. Wani mai aikin famfo, George Jennings, ya kafa banɗakuna masu kora da ruwa a wurin, ya sa kuɗin shiga kwabo ɗaya. Mutum 827,280 suka biya. Da kwabon nan mutum yakan samu wurin zama mai tsafta, da tawul, da mataji, har a goge masa takalmi. Yawancin waɗanda suka shiga ba su taɓa ganin irinsa ba, domin a gidajensu tukunya ake ajewa ƙarƙashin gado, ko kuma masai ɗaya a bayan layi ga gidaje da dama.

Sai dai ruwan da ya kori ƙazanta dole ya kai ta wani wuri, kuma Kogin Thames ya riƙa kai ta, kogin da mutanen birnin ke sha. Kwalara ta yi ta ɗauke rayuka. A 1854 likita John Snow ya bi diddigin wata annoba a unguwar Soho har ya gano cewa daga famfon titin Broad take fitowa. A zafin 1858 kogin ya yi ɗoyin da ya hana 'yan majalisa zama a ɗakunansu na bakin ruwa, sannan ne suka yarda aka saki kuɗi. Injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanai masu tsawon mil 82 da suka tare ƙazantar suka kai ta gabashin birni. Da aka samu inda ruwa zai bi, sai unguwanni suka shiga haƙa banɗakuna a ƙarshen ƙarni na 19.

A ƙarƙashin ƙasa aka sa su saboda kunya, don kada masu wucewa su gani, amma ba a yi musu aikin ganin dama ba. An lulluɓe bango da farin tayil mai sheƙi, an ja bututun tagulla da ake gogewa kullum, ƙofofi na katako mai nauyi, an kuma shimfiɗa tubalin gilashi a daɓen titi domin hasken rana ya sauka ciki. Kowanne yana da mai kula da shi, ma'aikacin hukuma mai albashi da ɗan ɗakinsa a gefe. Ɗan dako da akawun banki matakala ɗaya suke bi. Gidajen giya na zamanin ma sun bi sahu. Wanda ake kira Princess Louise a titin High Holborn, da aka ƙawata cikinsa a 1891, har yau wurin fitsarin mazansa na dutsen mabul yana nan, kuma dokar kare tsofaffin gine-gine ta hana a taɓa shi.

Yawancin wannan gata na maza ne. Mata kuwa an daɗe ana yi kamar ba su da wannan buƙata. Macen da ta fito daga gida, iyakar tafiyarta ita ce iyakar abin da mararta za ta iya riƙewa, ko kuma gidan wata 'yar'uwa a kan hanya. Wasu kan ƙi shan ruwa tun safe idan za su shiga gari. Masu shago da magidanta sun yi ta adawa da gina banɗakin mata a kusa da su, suna cewa zai zubar da darajar unguwa, kuma macen kirki ba za ta so a gan ta tana shiga ba. Marubucin nan George Bernard Shaw, a lokacin da yake wakili a majalisar unguwar St Pancras, ya kai ruwa rana da abokan zamansa a 1900 a kan gina guda ɗaya tak a Camden Town. Aka kafa na gwaji da katako, masu keken doki suka yi ta kai masa karo, sai aka ce to ga shi nan, yana tare hanya. Sai a 1905 aka samu aka gina shi.

A nan ne banɗakin gidan abinci ya fara yin aikin da ya fi ƙarfin girmansa. Shagunan shayi na kamfanin burodi na ABC, da na kamfanin Lyons wanda ya buɗe shagonsa na farko a Piccadilly a 1894, sun ba mace wurin da za ta zauna ita kaɗai ta sha shayi da araha ba tare da an yi mata kallon banza ba, kuma akwai inda za ta kewaya. Babban kantin Selfridges da aka buɗe a titin Oxford a 1909 ya tanadi ɗakunan hutawa da banɗakuna ga mata, ko sun saya ko ba su saya ba. Neman ciniki ne ya sa su, babu shakka. Amma malamar makaranta da mai buga tafireta da 'yar aikin kanti sun samu damar wuni a gari, mata masu fafutukar neman 'yancin jefa ƙuri'a ma a irin waɗannan shagunan shayi suka riƙa haɗuwa. A ganina babu wani banɗakin gidan abinci da aka gina bayan nan, komai tsadarsa, da ya kai waɗannan amfani.

Daga nan aka shiga dogon zamanin da makewayin gidan abinci ya zama abin da ake tunawa da shi bayan an gama komai. Duk wanda ya san Landan kafin a shiga wannan ƙarni ya san fasalinsa. Gidajen abincin Soho tsofaffin gidajen zama ne masu ƙunci, ƙasa ta teburori ce, don haka banɗaki sai a ginin ƙarƙashi. Za ka bi wata siririyar matakala mai karkace, ka wuce ƙofar kicin da buhunan albasa da akwatunan kwalabe, ka tarar da ɗan ɗaki mai sanyi da sakata mai lilo. A bango akwai tawul mai naɗi da ake ja, wani lokaci ya ƙare ya tsaya a jiƙe. A wuraren gwamnati da makarantu kuma wata takarda ce mai santsi mai warin magani wadda tsofaffin Ingilishi ke tunawa da ita har yau. Kwanon wanke hannu yana da famfo biyu a rabe, ɗaya ya ƙona ka, ɗaya ya daskarar da yatsunka. Wannan ma da dalilinsa: ruwan zafi daga tankin saman rufi yake zuwa, ba a amince da shi a sha ba, shi ya sa ka'ida ta hana a haɗa shi da na sanyi mai zuwa kai tsaye daga bututun gari.

Ga mutanenmu da suka je karatu ko kasuwanci ko jinya, ƙunci da sanyi duk masu sauƙi ne. Rashin ruwa shi ne damuwar. Mutumin da ya taso da buta, wanda tun yana yaro aka koya masa cewa ba a tashi daga biyan buƙata sai an yi tsarki, ya shiga ya tarar da takarda kawai. Ga salla tana jiransa. Shi ya sa gorar ruwa ta roba ta zama abokiyar tafiyar Bahaushe a Landan, a jaka ko a aljihun kwat, ana cika ta a kwanon wanke hannu kafin a shige ciki, ana kuma ɓoye ta kamar abin kunya alhali tsafta ake nema. Alwala wata wahalar ce daban, domin ɗaga ƙafa zuwa kwanon da aka kafa daidai ƙugu ba aikin dattijo ba ne, ga idon wanda zai shigo ya gani. Sabon zuwa yakan koyi waɗannan dabaru daga tsofaffin zama tun a makon farko, tare da koyon hanyar jirgi da inda ake sayar da naman halal. Wurin fitsarin tsaye na maza kuwa, inda ake jerawa kafaɗa da kafaɗa, da yawa daga cikinmu ba mu taɓa sabawa da shi ba. Gara mutum ya jira ɗaki mai ƙofa.

Sauyin daga Faransa ya taso. A 1984 aka buɗe Café Costes a Paris, wanda wani mai zayyana, Philippe Starck, ya tsara, kuma banɗakinsa ya shiga bakin mutane kamar yadda kujerunsa masu ƙafa uku suka shiga. A 1988 ya gyara otal ɗin Royalton a New York, inda ya mayar da wurin fitsarin maza bango guda da ruwa ke kwarara a kansa. A 1994 ya tsara gidan abincin Felix a hawa na 28 na otal ɗin Peninsula a Hong Kong, ya jera wuraren fitsari suna fuskantar tagar gilashi, mai biyan buƙata yana kallon birni a ƙarƙashinsa. Masu gidajen abinci suka gane wani abu: teburin da aka ba ka kaɗai kake gani a zaure, amma banɗaki kusan kowane baƙo zai shiga shi, shi kaɗai, ba mai ɗauke masa hankali, ya dawo tebur da labari.

Landan kuma a shirye take. A shekarun 1990 Terence Conran ya buɗe manyan gidajen abinci irin su Quaglino's a 1993 da Mezzo a 1995, masu ɗaukar ɗaruruwan mutane, inda fita cin abinci ta zama fita a gani a kuma gan ka. Wanda ya kai abin ƙarshe shi ne Mourad Mazouz, haifaffen Aljeriya, wanda ya riga ya yi suna da gidan abincinsa na Momo. A farkon shekarun 2000 ya haɗa kai da shahararren kukun Faransa Pierre Gagnaire suka buɗe Sketch a lamba 9 titin Conduit, unguwar Mayfair. Ginin na ƙarni na 18 ne, ya taɓa zama hedikwatar ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Birtaniya, daga baya kamfanin ɗinki na Christian Dior ya zauna a ciki.

Banɗakin Sketch sai an gani. Daga bayan babban zauren cin abinci za ka shiga wani fili fari fat, a tsakiyarsa akwai wata kubba da aka yi ƙaramin wurin zama a cikinta. Matakala biyu sun rungume kubbar ta dama da hagu sun hau sama. Idan ka hau, sai ka tarar da manyan farare masu siffar ƙwai a tsaitsaye, kowanne ya fi mutum tsawo, a warwatse ba a jere ba, kamar rumbunan ƙasa da aka shafe da farar ƙasa a bayan gidan manomi. Kowane ƙwai ɗaki ne mai ƙofa, da wurin zama a ciki. Rufin sama gilasai ne masu launi-launi, haskensu yana zuba a kan farin. Kwanonin wanke hannu suna waje. Wani Bafaranshe mai suna Noé Duchaufour-Lawrance ne ya yi wannan zayyana tare da Mazouz.

Zan faɗi gaskiya a kansa: akwai abin yabo. Banɗakin jama'a da aka saba da shi a Turai da Amurka allon katako ne ya raba ka da maƙwabcinka, sama a buɗe, ƙasa a buɗe, ana hango takalminka, ana jin motsinka. Ƙwan Sketch kuwa a rufe yake ruf daga ƙasa har sama. Wanda ya shiga ya samu sutura cikakkiya, abin da duk mai kunya ke nema. Mai zayyanar ya tsaya ya yi tunani a kan wurin da wasu ke ganin bai cancanci tunani ba, kuma wannan girmamawa ce ga baƙo.

Abin da ya biyo baya ne ya sauya masa manufa. A 2010 aka ƙaddamar da Instagram. A 2014 India Mahdavi ta mayar da zauren Sketch ruwan hoda tun daga bango har kujeru, aka rataye zane-zanen David Shrigley, wurin ya zama ɗaya daga cikin gidajen abincin da aka fi ɗauka a hoto a duniya, ƙwayayen nan kuma suka zama wajibi ga duk wanda ya je. A 2022 aka sake wa zauren launi zuwa ruwan ɗorawa, aka kawo ayyukan Yinka Shonibare, wanda aka haifa a Landan ya tashi a Legas. Banɗakin dai yana nan yadda yake, sai dai yanzu za ka ga mutane sun jingina da ƙwai suna gyara tsayuwa, aboki na riƙe da waya, wanda buƙata ta kawo shi kuma yana rakuɓe yana jiran su gama. A tarbiyyar da muka samu, makewayi wuri ne da ake shiga da ƙafar hagu, ba a surutu, ba a daɗewa, a fito da dama. Ban ce dole kowa ya bi wannan ba. Amma mai fitowa daga banɗaki yana da haƙƙin kada fuskarsa ta faɗa cikin hoton wani baƙo da dubban mutane za su gani, kuma wannan haƙƙi bai da addini ko ƙabila.

Daga nan kowa ya shiga neman abin da zai sa a yi maganarsa. A gidan abincin Nopi da Yotam Ottolenghi ya buɗe a Soho a 2011, madubai ne suka rufe bango da ƙofofin banɗaki ta kowace kusurwa, har mutum ya rasa ta inda ya shigo. A dogon benen Shard mai tsawon mita 310, gidajen abincin da ke hawa na talatin da 'yan kai sun yi tagogin gilashi daga daɓe har rufi a banɗakunansu, ana hango kogi da layukan dogo. Kulob ɗin Annabel's da ya koma sabon gini a dandalin Berkeley a 2018 ya yi wa mata ɗaki ruwan hoda, furannin siliki sun rufe silin, famfunan kuma siffar tsuntsayen ruwa ne masu ruwan zinariya.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙofar gilashi, irin wadda ke CellarDoor ɗin nan na Aldwych. Kana tsaye a waje kana ganin komai na ciki, sai an murɗa makulli gilashin ya yi hazo. Dabarar ita ce wani siririn shafi da ake sakawa tsakanin gilasai biyu. Idan lantarki na bi ta cikinsa ƙwayoyinsa sukan miƙe su bar haske ya wuce, idan aka yanke sai su watse gilashin ya dushe. Ko wuta ta ɗauke, a rufe yake zama. Fasaha ce mai kyau, ana amfani da ita a asibitoci da ofisoshi. Amma a banɗaki an sa ta ne domin ɗan faɗuwar gaban da mai shiga zai yi, yana tambayar kansa ko ya murɗa daidai, abokansa a waje suna dariya. Tsoron tsiraici aka mayar abin wasa. Matashi mai ƙarfin hali zai yi dariya ya wuce, amma dattijuwa, ko mai ciwon da ke sa shi gaggawa, ko wanda bai iya karanta ɗan rubutun da aka liƙa ba, ba za su ga abin dariya ba.

Kuma a yawancin waɗannan wurare masu tsada, har yau babu ruwan tsarki. An kashe dubban fam a kan mabul da fitilu, amma wanda ke son ya kama ruwa sai ya shigo da gorarsa kamar yadda ake yi shekaru hamsin da suka wuce, a birnin da ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 15 cikin ɗari na mazaunansa Musulmi ne, ban da Larabawan Tekun Fasha da ke cika Mayfair duk bazara. Akwai dalili na doka a ciki. Ka'idojin haɗa famfo na 1999 sun sa ɗan tiyon tsarki a sahun abubuwa mafi haɗari wajen mayar da ƙazanta cikin ruwan sha, don haka ba a yarda a jona shi kai tsaye da bututun gari ba, sai an sa masa tanki na daban. Wannan ƙarin kuɗi ne da ƙarin wuri, amma bai kai kuɗin famfo mai ruwan zinariya ba. Wanda ke neman sauƙi sai ya nufi ƙananan gidajen abincin 'yan Pakistan da Bangladesh da Somaliya a Whitechapel ko Southall, ko na Larabawa a titin Edgware. A can ba mamaki ka tarar da 'yar butar roba a gefe, ba wanda ya ɗauke ta hoto, amma mai gidan ya san abin da baƙonsa ke buƙata. Haka nan mai keken guragu: dokokin hana nuna wa naƙasassu wariya na 1995 da 2010 sun wajabta a yi masa gyaran da ya dace, amma tsohuwar matakalar Soho ba ta san da zamansa ba, kuma sau da yawa banɗakin da aka ware masa shi ne ɗakin ajiye tsintsiya da kujerun yara, ba a ƙawata shi kamar na sauran ba.

A can waje kuwa na gwamnati suna ta rufewa. Dokar lafiyar jama'a ta 1936 ta ba ƙananan hukumomi iko su gina banɗakuna, amma ba ta tilasta musu ba. Saboda haka duk lokacin da aljihu ya yi ƙunci, musamman bayan tsuke bakin aljihun da aka fara a 2010, banɗaki na cikin abin da ake fara yankewa. Da aka sallami masu kula da su, sai ɓarna da shaye-shaye suka shiga, sai wannan ya zama hujjar rufewa. Filin Landan kuma zinariya ne. A titin Foley da ke Fitzrovia akwai na maza da aka gina wajen 1890, aka rufe a shekarun 1960, ya yi shekaru a kulle. A 2013 aka buɗe shi a matsayin wurin shan gahawa mai suna Attendant. An wanke tsofaffin wuraren fitsarin tangaran, an gitta katako a tsakaninsu, an jera kujeru, mutane na zaune suna cin burodi. A shekarar ce kuma aka buɗe gidan abincin Story a titin Tooley, a filin da wani banɗakin jama'a yake a da. An yi irinsu a Clapham da Kentish Town.

Ba na zargin waɗanda suka yi wannan. Ba don su ba, da an cike ramukan da kankare, aikin magina na da ya tafi. Abin da ke damuna shi ne wanda aka bari a waje. Binciken da ƙungiyar Royal Society for Public Health ta fitar a 2019 ya nuna cewa fiye da rabin waɗanda aka tambaya sukan rage shan ruwa kafin su fita saboda rashin banɗaki, kuma mutum ɗaya cikin biyar ba ya fita yadda yake so. Tsofaffi ne, da masu ciwon sukari, da mata masu ciki, da iyaye masu ƙananan yara, da direbobin tasi, da marasa gida. Igiyar da ta ɗaure matan zamanin Biktoriya ta dawo, wannan karon ba ta tambayar jinsi. Wanda yake da kuɗi da shiga mai kyau zai tura ƙofar kowane gidan abinci ya wuce ba a tanka masa ba. Wanda ba shi da su zai tarar da rubutu cewa banɗaki na masu ciniki ne kawai, ko kuma lambobin buɗe ƙofa da ake bugawa a jikin rasit.

Akwai kuma masu aikin, waɗanda ba sa fitowa a hoto. Farin ƙwai da madubi da gilashi ba sa ɓoye datti, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ɓata su, don haka sai an bi su da tsumma sau da yawa a wuni. Masu wannan aiki yawancinsu baƙi ne daga Afirka da Latin Amurka da gabashin Turai, ta hannun kamfanonin kwangila, su ne ke cika motocin bas na asuba. A mashayun dare kuma akwai masu tsayawa a bakin kwanon wanke hannu da turare da alewa da tawul, da yawansu 'yan Afirka ta Yamma, 'yan Najeriya a ciki, wasu ba su da abin dogaro sai tukwicin da aka jefa musu a faranti, ga wulaƙancin mashaya da suke haɗiyewa har gari ya waye. Mai kula da banɗakin zamanin Biktoriya ba attajiri ba ne, amma ya san albashinsa, ya san wanda ya ɗauke shi aiki.

An ɗan yi ƙoƙarin gyara. A 2004 ƙaramar hukumar Richmond ta fara biyan shaguna da gidajen abinci wani abu duk shekara domin su bar kowa ya shiga banɗakinsu ko bai sayi komai ba, a liƙa alama a taga, wasu unguwanni kuma suka kwaikwaya. A 2019 kamfanin Network Rail ya soke kuɗin shiga banɗaki a manyan tashoshin jirgin ƙasa da yake gudanarwa. Sai dai tsarin Richmond yana aiki ne muddin shago na buɗe, kuma mutum sai ya ratsa tsakanin masu cin abinci kafin ya kai. Tun 2017 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta bayyana cewa direban da ya kawo ko ya zo ɗaukar kaya yana da haƙƙin shiga banɗakin wurin. Duk da haka, a lokacin kullen korona na 2020, masu kai abinci a keke da babur sun yi ta kokawa cewa gidajen abincin da suke ɗaukar wa kaya suna hana su shiga, a daidai lokacin da na gwamnati ma suke a rufe.